Zubin farin soso: ƙarfe yana tsayawa a rabi, ina matsalar take?

Ɗan Panteka: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na zo da matsala, kuma ina roƙon kada a yi mini dariya tukuna. Shekarata bakwai ina zubin tukwanen dalma da ludaya a hannun ogana a nan Kaduna, da yashi mai laima kamar yadda kowa ya sani. Watan jiya na ga wani bidiyo, mutum ya sassaƙa abin da yake so da farin soson nan da ake cusa wa talabijin da firij a cikin kwali, ya binne shi a yashi, ya kwarara narkakken alminiyam a kai. Soso ya ɓace, ƙarfe ya zauna a gurbinsa. Babu raba akwati biyu, babu zare samfuri. Ana cikin haka wani mai noman rani ya kawo mini murfin famfon injin ban ruwa da ya tsage, na ce ga dama ta samu.

Sau uku na zuba. Na farko ƙarfen ya ci rabi ya tsaya, sauran soson ya narke ya zama baƙin danƙo. Na biyu ya cika, amma akwai wani layi kamar ɗinki a gefen da ke nesa da inda na zuba, na ɗan ƙwanƙwasa da guduma ya rabe biyu, cikin wurin ruwan ƙasa-ƙasa. Na uku ya fito kamar gaske, na kai wa mai injin feran ƙarfe, yana cire fatar sama sai ga ƙananan ramuka kamar zanzana, sannan cikin lungun da ruwa ke bi yashi ya manne da ƙarfe, ko kurfi ba ya cire shi. Gawayi ya ƙare, mai kaya yana ta kira. Me nake yi ba daidai ba?

Baba Mai Tukwane: Wa alaikumus salam. Yaro, abin da kake yi ba daidai ba shi ne ka bar hanyar da ka iya. Murfin famfo ai tsohon yana hannunka, ka ɗaure tsagin da waya, ka danna shi a yashi, ka yi masa zuciya da ƙasar suri, wato abin da zai tsare ramin cikinsa kada ƙarfe ya cike shi, ka zuba. Tun kafin a haifi mai bidiyon muke yin haka. Soso kuma na katifa ne.

Ɗan Panteka: Baba, Allah ya ƙara girma. Na gwada hakan da farko. Lungun cikin a karkace yake kamar katantanwa, zuciyar sai ta karye duk lokacin da na zo rufewa. Shi ya sa.

Injiniyan Zubi: Ɗan'uwa, kafin a ba ka magani sai an san me ka ci. Amsa mini waɗannan. Yashin busasshe ne ko mai laima? Ka shafa wa soson wani abu kafin ka binne? Da me ka manna gutsattsarin? Me ka narka, gwangwani ko kayan mota? Ta sama ka shigar da ƙarfen ko ta ƙasa?

Ɗan Panteka: Injiniya, yashin aikinmu ne mai laima, na daddanna shi da taɓarya kamar kullum. Ban shafa komai ba. Gam ɗin kyandir ɗin nan da ake narkawa da bindiga na yi amfani da shi, na sa da yawa don kada ya rabu. Gwangwanayen lemo ne da 'yan guntayen firam ɗin taga. Ta sama na zuba, kai tsaye.

Injiniyan Zubi: To, kusan duk amsoshin biyar kowacce ta ba da nata gudummawar. Amma bari in fara da tushen, don in ka kama shi sauran za ka gano da kanka.

Mutane suna ɗauka soson ƙonewa yake yi ya ɓace. A cikin yashi babu iskar da za ta ƙone shi. Abin da ke faruwa a zubin alminiyam shi ne, zafin ƙarfen yana narka soson ya zama ruwa mai danƙo, wani ɓangare ya zama hayaƙi. Wannan danƙon da hayaƙin suna gaban ƙarfe, ƙarfe yana tura su. Dole su sami inda za su fita, kuma ƙofa ɗaya suke da ita: jikin yashin da ke kewaye. In sun fita da wuri, ƙarfe ya wuce. In ba su fita ba, ko dai su tare masa hanya har ya huce ya daskare, wannan shi ne zubinka na farko, ko kuma ƙarfe ya zagaye su ta ɓangare biyu, bakunan biyu su haɗu da datti a tsakaninsu su ƙi narkewa cikin juna, wannan shi ne ɗinkin da ka gani a na biyu. Ruwan ƙasa-ƙasan da ka gani a cikin karayar ragowar soso ne da gam.

Ga kuma abin da ba a faɗa a bidiyo: narka soson yana shan zafin ƙarfen. A zubin da ka saba, ƙarfe rami yake tararwa, yana gudu kamar ruwa a kwata. A nan kuwa tafiya yake yana cin abin da ke gabansa, kowane taku yana rage masa zafi. Shi ya sa komai na wannan aiki yake komawa kan tambaya biyu: ta yaya zan rage abin da ƙarfe zai ci, kuma ta ina dattin zai fita.

Yashi mai laima da yumɓu, wanda aka daddanna, ya toshe ƙofar. Ƙari kuma laimar tana zama tururi ta ƙara wa hayaƙin yawa. Ana yin wannan zubi da busasshen yashi tas, wanda babu yumɓu, babu ruwa, wanda in ka damƙa zai zube ta tsakanin yatsunka.

Baba Mai Tukwane: Haba Injiniya! Busasshen yashi? Me zai riƙe shi in soson ya narke? Ai rushewa zai yi ya cika ramin. Kada ku sa yaro ya ƙona ƙafa.

Injiniyan Zubi: Baba, tambayarka tana kan hanya, kuma wanda ya fara ƙirƙiro abin ma irin tunaninka ya yi. Wani Ba'amurke, Shroyer, shi ya yi rajistar fasahar a 1958, kuma da yashi mai ɗauri ya yi. Sai a 1964 wani mai suna Flemings ya yi da sakakken yashi. Dalilin da ya sa ba ya rushewa: babu lokacin da ramin yake zama fanko. Soso na riƙe da yashi, yana janyewa ƙarfe na maye gurbinsa nan take, ɗan tsakanin kuma hayaƙi ne ke tokare da shi. Sharaɗi biyu ne kawai. A girgiza yashin har ya zauna daram, kuma in an fara zuba kada a tsaya. Wanda ya ɗaga hannu ya ce bari ya leƙa, to a nan ne maganar Baba za ta tabbata, yashi zai rufta.

Kuma ba wasan yara ba ne. Kamfanin General Motors da wannan hanya ya zuba injinan motocinsa na Saturn tun daga 1990. In ka duba jikin injin za ka ga zanen ƙwayoyin soso a kan alminiyam ɗin.

Baba Mai Tukwane: Su suna da masana'anta. Mu muna da durom da zugazugi.

Na Katako: Salamu alaikum, daga Yamai nike. Baba, mu ma nan Katako durom ne da gawayi, amma ina yin zubin soso shekara biyu kenan, hannun ƙofa da ƙafafun kujeru da tambarin gidaje. Abin da Injiniya ya ce gaskiya ne. Ni rairayin gulbi nike ɗebowa, in wanke shi in fid da laka, in shanya kwana biyu, in tankaɗe sau biyu: rariya mai faɗi ta fid da tsakuwa, mai laushi ta fid da ƙura. Na tsakiyar nike so. In ya yi laushi kamar gari hayaƙi ba ya wucewa, in ya yi tsakuwa ƙarfe yana shiga tsakaninsa. Da damina har soya shi nike a kan faifan ƙarfe, amma sai ya huce sarai kafin in binne soso, don rairayi mai zafi yana lanƙwasa shi.

Wajen cikawa, ina zuba kamar tsawon yatsa huɗu, in bubbuga jikin bokitin da sanda ta ko'ina, in ƙara, in bubbuga. Ba a danna shi da taɓarya, za ka murƙushe soson. In ka tura yatsa ya ƙi shiga, ya yi.

Mai Feran Ƙarfe: Ni da nake Ƙofar Ruwa a Kano, kayan masu zubi kullum suna zuwa hannuna, kuma ina gane na gwangwani tun kafin in ɗaura shi a inji. Yana danƙo a bakin wuƙa, ba ya feruwa da kyau. Ɗan Panteka, murfin famfo da gwangwanin lemo? Ko babu soso ba zai yi ba. Nemi tsohon fistin, ko kan injin mota, ko ma irin murfin da ya fashe. Abin da aka zuba tun asali shi ke sake zubuwa.

Injiniyan Zubi: Haka yake. Kayan da aka zuba a masana'anta akwai silikon a cikinsu, wasu kashi 7 cikin 100, fistin ma yakan kai wajen 12. Shi ke sa ƙarfen ya yi gudu ya shiga lungu. Gwangwani da firam ɗin taga ba a yi su don zubi ba, ga fenti, ga kashin da suke tarawa, wato dattin da ke tasowa saman narkakken ƙarfe, ya fi ƙarfen da za ka samu ban haushi. Sai dai a kula da wani abu: a cikin kayan mota da na injin yanka itace akwai masu magniziyam, sun fi alminiyam rashin nauyi. In ya kama wuta a tukunya fari fat yake ci, ruwa kuma ƙara masa yake. Ka kankare wuri ka ɗiga ruwan tsami na binega, in ya yi kumfa ajiye shi gefe.

Ɗan Panteka: Na gode ƙwarai. To maganar shafawar fa? Wani ya ce in kwaɓa filastar silin in lulluɓe shi da ita.

Na Katako: Kada ka yi! Na yi, ta tofa mini ƙarfe har rufin rumfa.

Malamar Kimiyya: Bari in sa baki a nan, don wannan fannina ne. Filastar silin in ta daskare ba bushewa kawai ta yi ba, ruwan ya shiga cikin ginin ƙwayoyinta ne, kusan kashi 21 cikin 100 na nauyinta ruwa ne. Ko ka shanya ta mako guda a rana tana nan da shi, sai zafi ya haura digiri 100 take fara sakinsa. Masu zubin kaki suna gasa ta a wuta na awoyi kafin su zuba, kai kuwa ba za ka iya gasawa ba tunda soso na ciki. Ranar da ƙarfe mai digiri 700 da wani abu ya taɓa ta, ranar za ta saki ruwan gaba ɗaya.

Ɗan Zangon Kumasi: Malama ta yi gaskiya. Amma shafawar kanta ba sabon abu ba ce. Nan ƙasar Asante masu zubin tagulla da kaki, fatar farko da suke shafa wa samfuri garin gawayi ne da yumɓu mai laushi, a kwaɓa ruwa-ruwa. Ni a Suame nake aiki, kuma irin wannan na ɗauko na gwada a soso: yumɓu kaɗan, garin yashi mai laushi sosai, garin gawayi, ɗan ƙaro don ya kama, da ɗigo biyu na sabulun ruwa. In babu sabulun, kwaɓin ba ya kwanciya a jikin soso, tattarewa yake kamar ruwa a ganyen gwaza. Kaurinsa kamar kunu mai ruwa. In tsoma, in juya, in rataye.

Baba Mai Tukwane: To ka ji. An zagaya an zagaya an dawo kan yumɓun da aka ce ya toshe ƙofa.

Injiniyan Zubi: Baba ka kama ni, amma rabi. Bambancin kauri ne. Taɓon da ya kai tsawon hannu daban, fatar da ba ta kai rabin milimita ba daban. A masana'anta fatar da ake yi wa kayan alminiyam ba ta cika wuce haka ba, kamar ɓawon ƙwai. Aiki uku take yi. Tana hana ƙarfe kutsawa cikin yashi, wanda shi ne abin da ya sami lungun Ɗan Panteka. Tana tsotse danƙon soson kamar yadda lagwani ke tsotsar kananzir. Tana kuma riƙe wa ƙarfe zafi kaɗan. In ta yi kauri, hayaƙi ya rasa hanya, ka koma gidan jiya. In ta tsage ko ta ɓare a wani wuri, ƙarfe ya bi ta nan ya fito da ƙaya.

Kuma ta bushe ƙarau. A masana'anta a ɗaki mai ɗumin digiri 40 zuwa 60 ake busar da ita. Mu Allah ya ba mu rana, amma lungu shi ne mugu: waje ya bushe, ciki da sauran laima. Ka kai shi kusa da kumatunka, in ka ji sanyi-sanyi bai bushe ba.

Na Katako: Ni kam ƙananan kaya ba na shafa musu komai, kuma suna fita.

Injiniyan Zubi: Suna fita, amma hannun ƙofa ba ya riƙe ruwa mai matsi. Kuma ka faɗi gaskiya, awa nawa kake yi da garanda bayan nan?

Na Katako: Wannan kuma sirrin sana'a ne.

Ɗan Panteka: Hahaha. Injiniya, saura gam. Me ya yi?

Injiniyan Zubi: Gam shi ne ɓarawon da ke cikin gida. Soson da ake so a wannan aiki lita guda nauyinta giram 20 zuwa 25 ne, kusan duk iska ce. Gam ɗin kyandir kuwa lita guda ta kusa kilo guda. Wato ɗigon gam ɗaya daidai yake da ka ƙara wa ƙarfe soso mai girmansa sau arba'in ya ci, a wuri ɗaya. Ka koma ka duba inda murfinka na biyu ya rabe, ina kyautata zaton kusa da mahaɗa ne.

Ɗan Panteka: Wallahi a kan mahaɗar ne daidai.

Injiniyan Zubi: To ka gani. Ka rage yawan gutsattsari, ka sassaƙa daga dunƙule ɗaya in zai yiwu. Inda dole sai an haɗa, ka yi musu haƙori su shiga juna, sannan ka shafa farin gam na kafinta siriri kamar ka shafa mai a leɓe, ka bar shi ya bushe sosai tunda shi ma ruwa ne a ciki. Kada ka kusanto da sufa gulu ko gam ɗin masu takalmi ko fentin feshi, cinye soson suke yi.

Shi ma soson ba duka ɗaya ba ne. Na kwalin firij wani yana da tauri da nauyi, ƙwayoyinsa manya. Ka yanka dunƙule mai santimita 10 a tsawo da faɗi da kauri, lita guda kenan, ka ɗora a sikelin masu gwal. In ya haura giram 30 zai wahalar da kai. Wannan awon yana da wani amfanin: alminiyam lita guda kilo 2.7 ne, saboda haka in sosonka mai giram 20 ne, kowane giram ɗaya na samfuri zai ci giram 135 na ƙarfe. Ka auna samfurin da maƙogwaronsa, wato hanyar da ake zuba ƙarfen ta cikinta, ka lissafa, ka ƙara rabin haka a kai. Ƙarfe ya ƙare ana tsakiyar zuba ya fi komai ciwo.

Mai Feran Ƙarfe: A ƙara masa da maganar awo. Kullum sai an kawo mini kaya ya gaza, a ce in yi dabara. Alminiyam yana tsukewa in ya huce, wajen kashi 1.3 cikin 100. Abu mai milimita 300 zai rasa kusan 4. Ka ƙara wannan a soson, ka kuma bar mini milimita 2 ko 3 a fuskar da zan fere. Ramin ƙusa kuma kada ka wahalar da kanka, bar shi a toshe ni zan huda.

Ɗan Gaggawa: Duk wannan dogon turanci ne. Ka ƙara wuta kawai, ƙarfe ya yi ja sosai, zai cinye soso da gam da komai. Ni haka nake yi.

Injiniyan Zubi: Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma tarko. Alminiyam yana narkewa a digiri 660. Zubin yashi na yau da kullum ana yinsa a 700 da 'yan kai. Na soso yana son ƙari, wajen 750 zuwa 780, saboda zafin da soson ke sha. Amma narkakken alminiyam yana shan iskar haidurojin daga laimar da ke cikin iska da gawayi da jikin kayan da ka jefa, kuma gwargwadon zafinsa gwargwadon shansa. In ya zo daskarewa, abin da zai iya riƙewa yana faɗuwa kusan sau ashirin, sauran ya fito ya zama ƙananan kumfa a ciki. Zanzanar da mai fera ya tono wa Ɗan Panteka kenan. Ina zargin bayan na farko da na biyu sun ƙi, ya ƙara wuta a na uku.

Ɗan Panteka: Kamar kana wurin. Na bar shi a wuta ya kai minti ashirin bayan ya narke, ina ta juyawa da ƙarfe.

Baba Mai Tukwane: Juyawa? Wa ya koya maka juya dalma kamar kunu? Wannan ko ogan naka ya gani sai ya mare ka. Ana kwashe kashin sama ne a hankali sau ɗaya, a zuba. In ka juya ka tura fatar saman cikin ƙarfe. Kuma duk abin da zai shiga tukunya, ludayi ne ko guntun ƙarfe, a ɗora shi a bakin wuta ya yi zafi tukuna. Launi kuma a inuwa ake dubawa, in ya fara ja kaɗan kamar garwashin da toka ta rufe, ya isa. In ya yi ja a tsakar rana ka wuce wuri.

Injiniyan Zubi: A nan ba ni da abin ƙarawa, Baba ya gama magana. Sai dai mai hali ya sayi ma'aunin zafi mai sandar da ake tsomawa. Na bindigan nan da ake haskawa daga nesa ƙarya yake yi a kan alminiyam, saboda ƙyallinsa.

Ɗan Gaggawa: Ni dai kayana ba sa ramuka.

Mai Feran Ƙarfe: Kawo ɗaya in fere maka kyauta, mu gani.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi hattara, muhawara ake ba faɗa ba. Ɗan Gaggawa, an yi maka tayi, ka karɓa ko ka yi shiru. A ci gaba.

Na Katako: Saura ƙofa, wato inda ƙarfe ke shiga cikin samfurin. Ni na ga in na shigar ta ƙasa ko ta gefe can ƙasa, ƙarfe yana hawa a hankali yana tura dattin sama. Sai in manna wani ɗan guntun soso a can ƙololuwa, wurin da ƙarfe zai isa a ƙarshe, dattin da ƙarfen da ya huce su taru a ciki, daga baya in yanke in yar. Maƙogwaro kuma ina yinsa dogo, kamar taƙi guda sama da kayan, don nauyin ƙarfen ya yi turi. A bakinsa ina kafa gwangwanin tumatir da aka fasa gindinsa. Ina fara zubawa wuta za ta tashi, ƙarfen ya yi kamar ya tsaya, nan ne sabon shiga yake tsorata ya ɗaga hannu. Kada ka ɗaga. Gwangwanin ya zauna cike har sai ya daina sha.

Injiniyan Zubi: In ƙara abu ɗaya: maƙogwaron ya fi kyau ya zama fanko, ko ka huda tsakiyar soson, ko ka naɗe takarda ka shafe ta da kwaɓin. Babu dalilin da ƙarfe zai ɓata zafinsa yana cin soso tun bai isa wurin aiki ba. Shi kuma lungun katantanwar, ka karkata samfurin yadda bakinsa zai kalli sama, yashi ba ya hawa da kansa. Ka cika lungun da hannu tukuna kana bubbugawa. Inda yashi bai zauna ba, nan ƙarfe zai fasa fata ya cakuɗe da shi. Kuma duk bangon da bai kai milimita 4 ba ka ƙara masa kauri, da kayan aikinmu ba zai cika ba.

Ɗalibi a Sin: Ina bin zancen daga nesa. A masana'antar da muka je koyon aiki a nan, baƙin ƙarfe suke zubawa da soso, kuma in wani yana tunanin gwadawa, lissafin ya canza. A digiri 1,400 soson ba danƙo yake zama ba, hayaƙi ne mai yawa a lokaci guda, yana iya tofo ƙarfe baya. Kuma kashi 92 cikin 100 na nauyin soson kabon ne, sai ya kwanta a saman kayan ya yi wata baƙar fata mai ƙyalli da tamoji. Shi ya sa suke rufe akwatin da leda su sa injin zuƙe iska ta ƙasa, yana janye hayaƙin yana kuma ƙara ƙulle yashin. Fatarsu ta fi kauri, kuma ga kayan da ba a son kabon ya shiga suna amfani da wani soso daban mai tsada. Wanda bai ƙware a alminiyam ba kada ya fara da wannan.

Malamar Kimiyya: Tunda an zo maganar hayaƙi. Baƙin hayaƙin nan mai warin roba akwai sitairin a cikinsa, yana sa ciwon kai da jiri da yajin ido, kuma ba abin da za a riƙa shaƙa kullum ba ne. A yi zubin a fili, ka tsaya iska na kaɗawa daga bayanka, yaran shago su matsa. Haka in kana yanka soson da zazzafar waya. Takunkumin kyalle ƙura yake tarewa, ba ya tare wannan. Kuma don Allah ban da silifas, ban da rigar leda, kuma kada a zuba a kan siminti mai laima.

Baba Mai Tukwane: Wannan magana ta Malama ita ce ta fi duk sauran. Mu da muka shaƙi na batir da fenti shekara talatin mun san abin da ƙirjinmu ke faɗa da asuba.

Ɗan Panteka: Jama'a na dawo, kwana shida kenan. Na wanke yashin kogi na tankaɗe, na sami soso mai giram 22, na sassaƙa gida biyu kacal maimakon biyar, farin gam siriri. Kwaɓin Ɗan Zangon Kumasi na yi, sai dai na farko ya tsattsage da ya bushe, na rage yumɓu na ƙara garin yashi ya zauna. Tsofaffin fistin na narka, ban juya ba, Baba. Biyu na zuba. Dukansu sun cika, babu ɗinki, lungun ya fito fes, da buroshi kawai na wanke. Na sa ɗaya a guduma da gangan, sai da na gaji kafin ya karye, cikin fari tas.

Amma zanzanar ba ta tafi duka ba. Ta ragu sosai, saura a gefe ɗaya, wajen da ya fi kauri inda ƙusoshi ke shiga. Kuma ramukan wannan karon ba zagayayyu ba ne, kamar an yaga.

Injiniyan Zubi: Madalla. Wannan ba iska ba ce, ramin iska zagayayye ne mai santsi. Mai kama da yagewa tsukewa ce: wuri mai kauri shi ke daskarewa a ƙarshe, yana neman ƙarin ƙarfe, siraran wuraren da ke kewaye sun riga sun daskare sun rufe masa hanya. Ka matsar da ƙofar ta shiga ta wannan wurin, ko ka ɗora masa dunƙulen soso a kai wanda ya fi shi kauri, ya zama rumbun da zai sha daga ciki. Wannan kaɗai za ka canza a zubi na gaba, kada ka taɓa sauran, don mu san abin da ya yi aiki.

Baba Mai Tukwane: Wannan ai ciwon zubin yashi ne ma, ba na soso ba. Mu kan ce a ba shi uwa. Yaro, uwar ta fi wurin kauri, kuma wuyanta gajere, in ba haka ba ita za ta sha daga kayan. Ka turo hoton in gani kafin ka binne. Sannan wancan soson mai giram 22, a ina ka samo shi? Akwai wani hannun injin markaɗe da ya shekara yana ba ni wahala.

Ɗan Panteka: Wajen masu sayar da firij, Baba, zubarwa suke yi. Gobe in sha Allahu zan aiko maka da buhu guda a mota.